Ƙahon Sale

Utaibiyya, Makka.

Zuwa ga ɗana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Ubangijin wannan Ɗaki ya ɗauke ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, ya sa mutanen Funtuwa su karɓe ka da fuskar da suka san kakanninka da ita. Ummanka ta riga ta yi maka nata wa'azin a kan sauro da ruwan sha, har sau uku ina ji, saboda haka ba zan maimaita ba.

Na san Hausar karatu tana ba ka wahala, ka fi sakewa da Larabci tunda cikinsa ka tashi. Da gangan na rubuta da Hausa. Da ita na yi laifin da zan gaya maka, da ita kuma ya kamata in faɗe shi. Ka karanta a hankali, tafiyar tana da nisa. Na so in zaunar da kai mu yi maganar baki da baki, sau biyu ina kiran ka falo, sau biyu ina ɓigewa da tambayar ko ka karɓo fasfonka. Yanzu ga shi za ka tafi garin da aka haife ni ka koyar da Larabci, kuma akwai abin da za ka ji a can game da ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ka ji daga bakina.

A aljihun gefe na jakarka, cikin wata baƙar safa, na saka wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin mazurari, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Bakin ƙaho ne, wato inda mai busa yake ɗora leɓensa. Ka taɓa ganin sa sau ɗaya kana yaro, zan zo kan wannan. Ba nawa ba ne. Ya fi shekara arba'in a hannuna, kuma mai shi yana nan da rai, sai dai ya tsufa ƙwarai. Ina so ya koma hannunsa kafin ɗayanmu ya riga ɗaya.

A nan Utaibiyya kowa Malam Salihu yake ce mini, mai karantar da fiƙihu bayan Magariba. A Funtuwa sunana Sale, kuma ni ɗan badujala ne. Makarantarmu ta sakandare tana da ƙungiyar masu busa ƙahonin tagulla da masu ganga, irin ta 'yan sanda, mu ne muke yi wa ɗalibai kiɗan maci ranar fareti. Mai koyar da mu wani tsohon sajan 'yan sanda ne da ya yi aikinsa duka a badujala, ana ce masa Saje Tanko. Gajere ne, baƙi, kansa kullum a aske ƙwal, yana da wata 'yar sanda ta gora da ba ta rabuwa da hammatarsa. Ban taɓa ganin ya doki kowa da ita ba, amma in ya ɗaga ta ko tari ba ka iyawa. Bai iya Turancin kirki ba, sauran malamai ma ba su cika zama da shi ba. Ba ya kiran mu da sunayenmu, sai da matsayinmu a cikin busa: na ɗaya, na biyu, na uku.

Yana da wata al'ada. Ƙahonin suna kwana a sito a kulle, amma bakunansu kowa da nasa yake tafiya. Sabon shiga sai ya yi wata guda cur bai taɓa ƙaho ba, bakin kawai za a ba shi, ya yi ta hurawa yana fitar da wata ƙara kamar ta zanzaro, a hanyar rafi, a bakin gona, har leɓensa ya yi ƙwari. Saje yana ɗora tafin hannunsa a cikinka ya ce, "Daga nan iska take tasowa, ba daga wuya ba. Wuya na masu gardama ne." Ranar da za a yi hutu kuwa sai ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan tebur, kowa ya wanke bakin ƙahonsa da ruwan ɗumi, ya zo ya ajiye, ya ce, "Na dawo da amana." Shi kuma ya ce, "Allah ya yi albarka." Shi ke nan sallamar.

Kuskurena na farko raini ne. Saje ya ɗora ni a ƙaho na uku. Na ɗaya shi ke ɗauke da waƙar, shi mutane suke ji, shi 'yan mata suke nunawa. Na uku kuwa aikinsa 'yan muryoyi ne na ƙasa-ƙasa, ya riƙe su da tsawo, sannan ya yi shiru yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a zuci har wurin shigarsa ya zo. Wani lokaci shirun ya fi busar yawa. Wanda aka ba na ɗaya abokina ne Isa, kuma na san na fi shi numfashi, kowa ma ya sani. Na je na sami Saje na ce an zalunce ni. Ya dube ni ya ce, "Don ka fi shi numfashi na sa ka a ƙasa. Wa kake so ya ɗauki ɗakin, azara ko jinka?" Na fita ina gunaguni, ban fahimci komai ba.

Ranar faretin 'yancin kai, fili ya cika, mahaifina ma ya zo. Da muka iso gaban rumfar manyan baƙi sai Shaiɗan ya hau kaina. Na bar nawa, na kama waƙar Isa, na busa ta da ƙarfin da ya danne tasa. Ni a zatona na burge. Sauran 'yan na uku biyu, da ma ni suke bi, suka rikice suka yi shiru. Kiɗan ya zama ihu a sama, ba komai a ƙasa. Mai babbar ganga ya waiwayo ya ga me ke faruwa, hannunsa ya kuskure, 'yan maci na baya suka fara taka dugadugan na gaba. Na ga mutane suna dariya a rumfa.

Washegari na shirya wa bulala, ko kora. Saje bai yi ko ɗaya ba. Ya zaunar da ni a kan benci a gaba, ya ce wa 'yan na uku su ajiye ƙahoninsu, ya sa sauran suka busa waƙar daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin ta haka ba, siririya, kamar ana magana ta hanci. Sannan ya sa 'yan na uku biyun suka shigo, nan take ta cika ta zauna. Ya ce, "Ka ji? Wannan ramin kai ka haƙa mana jiya." Daga nan ya ƙara da abin da yake yawan faɗa wa duk wanda ya kuskure wurin shigarsa: "In ka ɓata, kada kunya ta sa ka yi shiru har a tashi. Ci gaba da ƙirga, ka shigo a gaba. Wanda ya makara ya shigo ya fi wanda ya bar mana rami."

Yasir, kai sabon malami ne, kuma daga Makka ka fito, za ka ji a ranka ka fi wasu Larabci, ƙila ma gaskiya ne. Ba mamaki a ba ka ajin ƙananan yara, masu koyon alifun ba'un, a ba wani wanda bai kai ka ba ajin manya. Ka karɓa da hannu biyu. Wanda yake sama a kan aikinka zai tsaya, ko ya sani ko bai sani ba. Kada ka gyara wa abokin aikinka kuskure a gaban ɗalibansa don a san kana wurin. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi, na san nauyinsa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi na lulluɓe shi da addini. Darasin Saje bai shige ni ba a lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne an zaunar da ni a benci a gaban yara ƙanana. A shekarar ƙarshe na fara zama da wasu 'yan'uwa masu karatu, na ji suna maganar hukuncin kiɗa da busa. Ba zan yi maka fatawa a wasiƙa ba, ka yi karatu, ka san abin da malamai suka ce da inda suka saɓa. Abin da zan gaya maka shi ne, ni ba tsoron Allah ne ya fitar da ni daga badujala ba. Haushi ne, na sami riga mai kyau na sa masa. Na daina zuwa ba sallama. In na hango Saje a hanya sai in canza lungu.

Ranar hutun ƙarshe aka shimfiɗa farin ƙyalle, ina tsaye daga nesa a gindin wata bedi ina kallo ta taga. Bakin ƙahon yana aljihuna. Na ga kowa ya ajiye nasa, na ga Saje ya tsaya yana duban ƙofa, ya daɗe bai naɗe ƙyallen ba. Na juya na tafi. Na gaya wa kaina wai na rage kayan ɓarna ɗaya a duniya. In da gaske nake, me ya hana ni jefa shi a rijiya? Bayan wata huɗu na sami gurbin karatu a nan, na zo da shi a cikin akwatina, tsakanin littattafai.

Ka kiyayi wannan, ɗana, ya fi kama masu ilimi. In ka ji kana son ka bar wani wuri ko ka yanke wani mutum, kuma hujjar addini ta zo maka da sauri haka, daidai da abin da zuciyarka take so, to ka tsaya ka bincike ta. Ka tambayi kanka, da mutumin nan ya yabe ni jiya, da yau zan ga wannan haramcin? In kuma barin ya zama dole, ka je ka yi sallama, ka mayar da abin da aka ba ka riƙo. Ba a taɓa hana mai tsoron Allah sallama ba.

Kuskurena na uku shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har Ummanka.

Ka san shekarun da na yi ina jagorar alhazai a Mina lokacin aikin Hajji. Ana yabona a kan cewa ayarina ba ya watsewa, ba a cika ɓatan tsofaffi a hannuna ba. Ba hikimata ba ce. Saje in zai jera mu maci, mai gajerun ƙafafu da mai ɗauke da ƙaho mafi nauyi su yake dubawa, da takunsu yake saita ganga. Yana cewa, "Dogo yana iya rage taku, gajere ba ya iya ƙara ƙafa." Haka nake yi da alhazai. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa a gaba, majiya ƙarfi a baya, ni kuma ina gabansu da laima a ɗage, in yi taku kaɗan in juyo in yi tafiya da baya ina duban fuskokinsu, kamar yadda yake yi da 'yar sandarsa.

Wata shekara, kafin a haife ka, ranar jifa ta biyu da azahar, na fito da ayarina daga tantuna za mu Jamra. Tare da ni akwai abokan karatuna biyu, waɗanda suka san ni da zafi a kan masu kiɗa, don na sha yin wa'azi a kai a gabansu. Muna cikin tafiya sai na ji murya daga gefen hanya, muryar da ko cikin barci na san ta.

"Na uku! Kai, na uku!"

Na juya. Saje ne, zaune a kan wani dakali yana hutawa, kansa a aske kamar kullum, gemunsa ya yi fari. Ya miƙe da ƙyar, fuskarsa cike da murna, ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Wallahi tun daga can na ce wannan jerin na gidana ne. Sale! Ashe rai kan ga rai?"

Ɗaya daga cikin abokaina ya ce, "Ustaz, wane ne wannan? Me ye na uku?"

Yasir, a Mina ne fa, ina kan hanyar jifan Shaiɗan, da tsakuwa a hannuna. Na dubi tsohon nan na ce, "Baba, ka yi makuwa. Ban san ka ba."

Hannuwansa suka sauka a hankali. Ya dube ni, ya dubi abokaina, na ga ya gane komai. Sai ya ce, "Haka ne, ɗana, ka yi haƙuri. Tsufa ne, ido ya fara tafiya." Ya ƙara da cewa, "Amma Allah ya yi wa wanda ya koya maka jera mutane albarka." Na ce amin, na ɗaga laima, muka wuce. Na yi jifa ranar, sai dai ban san wa na jefa ba. Da yamma na koma dakalin ni kaɗai, babu kowa. Na san inda tantunan mutanen jiharmu suke, tafiyar minti goma ce. Ban je ba.

Ba ni da wata doguwar nasiha a kan wannan, labarin ya isa. Duk wanda ya koya maka wani abu, ko ɗaurin igiyar takalmi ne, kada ka ji kunyar sa a gaban kowa. Mutanen da na ji tsoron idonsu a ranar, ɗaya ya rasu, ɗaya ko sunan garinsu na manta. Fuskar Saje kuwa da hannuwansa suna saukowa, ita ce take zuwa mini duk lokacin da na bi ta Mina, ko da tantunan ba kowa.

Yanzu na zo kanka. Kana da shekara tara, muna tsohuwar shiƙƙarmu, gidan nan na hawa na uku, ka buɗe durowata kana neman almakashi, ka ci karo da shi. Ka fito falo da shi a bakinka, kana hurawa, har ka sami 'yar ƙarar nan ta zanzaro, wadda ni sai da na yi kwana biyar kafin ta fito mini. Kana dariya ka ce, "Abuya, esh hada? Na mene ne?" Na mare ka. Tun da aka haife ka ban taɓa ɗaga maka hannu ba sai ranar, ban kuma sake ba. Ummanka ta ce, "Malam, me ya yi?" Na ce yana taɓa kayan da ba nasa ba. Dubi wanda yake faɗin haka.

Ba ka yi laifi ba, Yasir. Kaina na gani a fuskarka, na tsorata. Na lura tun daga ranar ba ka ƙara shigowa ɗakina ba sai an kira ka, kuma ka daina yin fito a kan bene. Ina neman gafararka. In ka shiga aji, wani yaro zai yi abin da zai taɓa maka wani tsohon ciwo da shi bai san da shi ba. Kafin ka ɗaga murya, ka tambayi kanka ko da shi kake fushi ko da wani.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne zuwan Isa. Ka tuna baƙon da ya zo Umra bara, tela, mai yawan dariya, wanda Ummanka ta yi wa tuwon shinkafa ya ce rabonsa da cin mai daɗinsa tun rasuwar mahaifiyarsa? Shi ne na ɗaya. Bayan kun tashi ya ba ni labari. Ashe badujalar ba ta mutu ba. Da Saje ya bar makaranta, tsofaffin ɗalibansa suka haɗa tasu ta gari: Isa, da wani direban tanka, da makanike, da malamin asibiti, da 'ya'yansu, har da jikoki. Duk Alhamis bayan La'asar suna haɗuwa a ƙofar gidan Saje. Su ake kira ranar wasannin makarantu da ranar fareti. Saje ya makance yanzu, a kan tabarma ake zaunar da shi, amma Isa ya ce in mutum ɗaya ya kauce cikin ashirin, sai ka ji ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Na biyu, na hagu, ka ci abinci kuwa?"

Na daure na ce, "Ƙahona fa?"

Isa ya yi dariya ya ce, "Ƙahon Sale? Ai yana nan, ya fi ka suna a gari." Ya ce ƙahon tsohon yayi ne, maƙogwaronsa siriri, duk bakin da aka sayo a kasuwa sai ya ƙi zama, iska tana fita ta gefe. Sai Saje ya kai wa masu zubin tukwane, suka zuba masa wani da dalma. Yana busuwa, amma gefensa yana da kaifi, kowa ya riƙe shi wata biyu sai ya tsaga masa leɓe. Isa ya ce a Funtuwa akwai magidanta sun fi goma masu ɗan tabo a leɓen sama, in suka haɗu sai su ce, "Kai ma ka riƙe ƙahon Sale?"

Na ce, "To me yake ce musu game da ni?"

Ya ce, "Duk wanda zai ba ƙahon sai ya ce masa, ka yi haƙuri da wannan bakin, na wucin gadi ne, na ainihin yana wurin Sale, ya tafi karatu, zai dawo da shi." Ya ce shekara arba'in maganar ba ta canza ba, yara har haddace ta suka yi.

Na ce, "Da ya dawo daga Hajji fa, bai ce komai ba?"

Isa ya ce, "Ya ce mana ya gan ka a Mina. Ya ce, na ga Sale yana jan alhazai, tsofaffi a gaba, yana tafiya da baya. Yaron bai manta ba. Ranar har shayi ya sa aka dafa mana." Sai Isa ya dube ni ya ce, "Kun daɗe kuna hira ko?" Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo, don kada ya ji ni.

Da ya zage ni, da ya kira ni ɓarawo a gaban garin, da na sami abin riƙewa. Mutumin nan ya rufa mini asiri a Mina, ya koma gida ya sake rufa mini, ni kuwa ina nan ina karantar da mutane babin amana.

Za ka ce me ya hana ni ba Isa ya kai, ko in kira a waya. Isa ya bar mini lamba, na danna ta ya fi a ƙirga, ina kashewa kafin ta shiga. Da kuwa na ba Isa ya kai, da sai in ce na manta ne, shi kuma ya kai da dariya, a rufe maganar da ƙarya ta biyu. Da ƙafata ya kamata in je, amma ka san wankin ƙodar nan sau uku a mako ya ɗaure ni, likita ya ce ko Madina sai da shiri. Kai ne ƙafata yanzu.

Ga abin da nake roƙon ka. Kada ka bari sai ka huta, ko sai ka saba da gari. Alhamis ɗin farko, bayan La'asar, ka nemi shagon Isa tela, kowa ya san shi, ya kai ka. Kafin ka fita ka wanke bakin da ruwan ɗumi, ka nemi farin ƙyalle ka naɗe shi. In kun isa ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi da Hausa, ko da za ta karye maka, kada ka fake da Larabci. Ka ce kai ɗan Sale ne. Ka shimfiɗa ƙyallen a gabansa, ka kama hannunsa ka ɗora a kai, tunda ba ya gani, yatsunsa za su gane shi. Ka ce, "Na dawo da amana." Kada ka ja shi gefe, a gaban mutanensa za ka yi, har da masu tabon.

Daga nan sai ka kira ni, ka kara masa wayar a kunne. Maganar Mina ba taka ba ce, ba zan ɗora maka ita ba. Ni zan faɗa masa da bakina cewa bai yi makuwa ba, idonsa ƙalau yake a ranar, ni ne Sale, kuma na san shi.

In kuwa ka isa ka tarar Allah ya riga ya karɓi abinsa, to ka yi masa addu'a, ka tambayi wanda yake riƙe da ƙahon yanzu, ka ba shi, ka karɓi na dalmar ka aiko mini. Zan ajiye shi inda zan riƙa ganin sa. Amma ina roƙon Allah, a duk sujadata a Harami, kada ya sa a kai ga haka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya ba ka ɗalibai masu jin magana, in kuma ya jarrabe ka da irina, ya ba ka haƙurin Saje Tanko. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe mini.

Ranar Alhamis na roƙi a mayar mini da wankin ƙodar zuwa safe, don La'asar ɗinku ta same ni a gida, wayar tana hannuna. In ya tambaye ka me ya tsayar da ni duk shekarun nan, kada ka nema mini uzuri. Ka ce masa na uku bai daina ƙirga ba, ya makara, amma ga shi ya shigo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sale